Ajin Waken Suya

Ranar Talata da hantsi aka turo Gwaggo Mai Kaji ɗakin gaggawa, ni kuwa ina bakin aiki. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, idona ya saba da ganin mutum kwance a gadon turawa, amma bai saba da ganin matar da ta goya ni ba. Aminiyar mahaifiyata ce, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma da ƙwan kajinta na girma. Bakinta ya karkace, hannunta na hagu yana reto a gefen gadon. Ta dube ni, na san ta gane ni, amma magana ta ƙi fita.

Na ɗaura mata abin awon jini. Ɗari biyu da goma a kan ɗari da ashirin. Na ce ƙarya na'urar take yi, na sake awo a ɗaya hannun. Ba ƙarya take yi ba.

Likita ya juya wajen mijinta, Baba Direba, wanda ya ɗauko ta daga wurin kajin a motarsa. Har lokacin da dusa a gaban rigarsa.

"Baba, tana da hawan jini?"

"Shekara tara ke nan."

"Tana shan magani?"

"Ai ta daina, likita. Wata biyu da 'yan kwanaki."

"Wa ya ce ta daina?"

Baba Direba ya nuna ni da baki, har da ɗan alfaharinsa. "Ga ta nan tsaye. Sista ce. Ai 'yarmu ce."

Sai da na waiwaya in ga ko akwai wata Sistar a bayana. Bango ne kawai da wurin wanke hannu.

"Baba, ni? Yaushe muka yi haka da ita?"

"Ba ke kika ce waken suya ya fi ƙwaya ba? Malama ce ta kawo musu saƙon. Matan layinmu duk sun daina."

Malama ita ce mahaifiyata. Na ɗaga kai na dubi likita. Likitan nan ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma ranar na gwammace ya zage ni da kallon da ya yi mini.

"Sista, su nawa ne?"

"Ban sani ba, likita."

"To je ki sani. Ki tafi da na'ura. Wannan ki bar mana ita. In kin dawo za mu yi magana."

A cikin tasi na yi ta laluben kaina, sai da muka wuce sha-tale-talen kasuwa abin ya faɗo mini. Wata uku da suka wuce an tura mu wani taron ƙara wa juna sani a kan ciwon zuciya. Daga can na biya gida na tarar Mama tana fifita, gumi ya jiƙa mata wuyan riga, irin zafin nan da yake taso mata tun da al'ada ta ɗauke mata. Ina cin abinci ina latsa waya na ce mata an gaya mana zuciyar mace tana bukatar kulawa sosai bayan ɗaukewar al'ada, kuma wasu binciken sun nuna waken suya yana iya ɗan rage mugun kitsen jini. Ɗan ragewa na ce, wallahi na tuna. Sai ta girgiza robar maganinta ta ce, "Ya fi waɗannan ƙwayoyin da ke sa ni tari da zaryar banɗaki?" Ni kuma idona yana kan hoton wani takalmi, na ce, "Ai Mama, abinci ya fi magani."

Shi ke nan abin da na faɗa. Irin maganar da kowa ke yi ne in yana so a ƙyale shi ya ci abincinsa. Sai dai na manta wa nake gaya wa.

Mama ta yi shekara talatin da huɗu tana koyarwa, goma sha tara daga ciki ita ce shugabar makaranta. A wurinta magana iri biyu ce, darasi da surutu, kuma duk abin da ya fito daga bakin mai takardar shaida darasi ne. Ta yi ritaya, amma ba a gaya wa halinta ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce shi kaɗai ne ɗalibin da ya yi shekara talatin a aji ɗaya ba a ciyar da shi gaba ba.

Ina tura ƙofar gida ƙamshin dafaffen wake ya tare ni. A baranda an jera kujerun roba sahu biyu, ga babbar tukunya, ga rariya da farin ƙyalle a shanye, ga kofuna a kife kowane da alamar fenti a gindi. Watanni na yi ina zuwa da la'asar in an riga an kwashe komai, ina shan madarar waken ina yabawa. Abin da ban taɓa gani ba shi ne allon da aka jingina a kan tebur. Da rubutun Mama, mai kyau kamar bugun inji, an rubuta: ABINCI YA FI MAGANI. A ƙasa kuma an rubuta "in ji Sista", an ja masa layi biyu.

Na daɗe tsaye ina kallon sunan aikina a ƙarƙashin wautata.

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu. "Lafiya na gan ki da rana tsaka? Yanzu aka tashi. Da kin zo da wuri kin ga ɗalibanki."

"Mama, mene ne wannan?"

"Aji ne. Kullum ƙarfe tara, kowa kofi biyu, sai tafiyar minti ashirin. Mu bakwai ne. Yau dai Mai Kaji ta yi fashi, kuma ba ta aiko da uzuri ba."

"Tana asibiti. Ɓarin jikinta ya shanye."

Tsumman ya faɗi daga hannunta. Ba ta duƙa ta ɗauka ba, ita da ba ta iya ganin tsinke a ƙasa.

"Jiya muka yi tafiya tare," ta ce. "Har ta riga ni kaiwa ƙarshen layi."

"Jininta ɗari biyu da goma. Baba Direba ya ce wata biyu ba ta sha magani ba. Ya ce ni na hana. A gaban likita, Mama."

"To ba ke kika ce ba?"

"Na ce ki daina shan magani?"

"Na tambaye ki wanne ya fi, kika ba ni amsa. In abu biyu ne kuma ɗaya ya fi, me za a yi da ɗayan?"

Ina da zuciya, duk gidanmu an sani, kuma a wurinta na gada. Na buɗe baki na yi ta zuba. Na ce waken suya abinci ne mai kyau, babu wanda ya ce ba shi da amfani, amma a gefen magani ake cinsa, ba a madadinsa ba. Na ce ko kitsen jinin da ake cewa yana ragewa kaɗan ne, masu binciken ma ba su gama daidaita bakinsu a kai ba, balle a ce ya riƙe hawan jinin shekara tara. Na ce hawan jini ba ya sallama, mutum yana jin garau jijiya tana shirin fashewa. Duk bayanin da ya kamata in yi wata uku da suka wuce, da na ajiye waya minti biyu, yanzu nake yin sa da ihu.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, a hankali, "Amma mun ji sauƙi. Tarin ya tafi. Uwar Tagwaye ta daina jiri."

"Su sauran, kin tabbata sun daina? Wataƙila wasu suna sha a ɓoye."

Fata nake yi, ba tambaya ba. Mama ta kawar da kai.

"Ba za su iya ba."

"Don me?"

Ta zaro makulli daga igiyar wuyanta, ta shige ɗaki, na bi ta. A kusurwa akwai tsohon teburin ofishinta, wanda makaranta ta ba ta kyauta ranar sallama. Duk wanda ya yi makarantar ya san durowar ƙasa ta teburin nan. Nan take kulle abin da ta ƙwace a hannun ɗalibai, danƙon harbi ne, madubi ne, waya ce, kowane a cikin ambulan da sunan mai shi da kwanan wata, ba a mayarwa sai ƙarshen zango. Ni kaina jan-bakina ya yi wata uku a ciki.

Ta jawo durowar. Ambulan bakwai ne a jere, masu ruwan ƙasa, kowane ya kumbura. Mai Kaji. Uwar Tagwaye. Matar Kafinta. Doguwa. Mai Saƙa. Mai Shago. Na bakwai an rubuta masa Ni.

"A makon farko na ga suna ha'inci," in ji ta. "Mutum ya sha madara da safe, ya je gida tsoro ya kama shi ya haɗiyi ƙwaya. Ta yaya za a san wanne ya yi aiki? Sai na karɓa. Na ce in zango ya cika, wata uku, za mu kira ki ki auna mu, ki ga sakamako." Muryarta ta sauka. "So na yi in ba ki mamaki."

Na zauna a bakin gado. Na buɗe ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya a kan cinyata. Maganin hawan jini ne a dukkansu. A na Doguwa har da maganin kitsen jini. Da na buɗe na Matar Kafinta sai na ga har da maganin sukari. Wata biyu da kwana tara, ga kwanan watan nan a rubuce tsaf, Mama ba ta kuskure a lissafi.

Na kamo hannunta na ɗaura na'ura, ba ta yi musu ba. Ɗari da tamanin da takwas a kan ɗari da huɗu. Na juya mata fuskar na'urar ta gani da idonta.

"Ki sha naki yanzu, ki kwanta. Ni zan kai musu."

"Ni na karɓa, ni zan mayar."

"Mama, da wannan jinin ba ki zuwa ko'ina."

"Ke kike ganin in kin je za su yarda? Na ce musu duk wanda ya zo da wata magana kada su saurara, ko likita ne. Sai sun ji daga bakina." Ta ɗauki mayafinta. "Nawa kuma a gabansu zan sha."

Na san wannan muryar, ba a ja da ita. Na cika gora da ruwa, na rataya na'ura, ita kuma ta rungume ambulan ɗin a ƙirji muka fito cikin rana.

Layinmu gajere ne, gida goma sha biyu da shago ɗaya da famfo, amma ranar ya yi mini tsawo. Mun fara da gidan kafinta saboda maganin sukarin. Matar tana zaune a ƙofar ɗaki da bokitin ruwa a gefe tana ta sha, ta rame, idanunta sun faɗa. Da ganin Mama ta yunƙura za ta miƙe.

"Zauna," in ji Mama. Ta tsaya a tsakar gidan mutane, ƙarar zarto tana zuwa daga waje, ta buɗe ambulan mai suna Ni, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta haɗiye da ruwan gorata. Sannan ta ce, "Darasin da na koya muku ba daidai ba ne. Ni na yi kuskure. Ga naki."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin kalmar nan daga bakin mahaifiyata ba. Matar Kafinta ma ba ta taɓa ji ba, don sakin baki ta yi tana kallon ambulan ɗin, ta kasa miƙa hannu.

"Malama, to ramar nan fa? Kin ce kitse ne yake narkewa."

"Ban san abin da nake faɗa ba."

Na auna ta, na leƙa waje na ce wa kafinta ya ajiye zarto ya nemo mota yanzu, ba anjima ba. Ya dubi fuskata bai tambayi dalili ba.

Doguwa ta ce kwana huɗu ke nan ƙeyarta tana sara, ta ɗauka rana ce. Mai Saƙa ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Mai Shago ta yi ta rantsuwa ita lafiyarta ƙalau, na'ura ta ce ɗari da saba'in da biyar. Kowacce na rubuta mata takarda zuwa asibiti, na ce yau, kada ta kwana. A kowane gida Mama ta tsaya ta maimaita maganar nan kalma bayan kalma, ba ta rage ba, ba ta kuma ce 'yata ce ta faɗa ba. Sau biyu na buɗe baki in ce laifina ne, ta ɗaga mini hannu.

A gidan Uwar Tagwaye ne kawai na'ura ta nuna abin arziki. Na sake awo, na dube ta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

"Malama, ki yafe mini. Ni dai satar amsa na yi. Tun mako na biyu na sa aka sayo mini wani, a cikin tukunyar da ba na amfani da ita nake ɓoyewa."

Na ga leɓen Mama ya motsa, tsohon hali ya taso zai yi aikinsa. Sai ta haɗiye shi.

"Ke kaɗai kika ci jarrabawar," ta ce.

Da muka fito, ban da nata, saura ambulan ɗaya a hannunta, na Gwaggo Mai Kaji. Na ce ta ba ni, babu amfanin kai shi, a asibiti an riga an ɗora Gwaggo a kan wani maganin. Ko kallona ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin titi ta ɗaga wa tasi hannu da kanta.

La'asar ta yi lokacin da muka isa. An mayar da Gwaggo Mai Kaji ɗakin kwanciya na mata, gado na uku daga taga, ruwa yana ɗiga a hannunta na dama. Likita ya tare ni a baranda ya ce jinin ya fara sauka, ranta in Allah ya so ya tsira, magana ta ɗan dawo, amma hannun da ƙafar kada mu yi wa kowa alkawari. Ya tambaye ni su nawa ne. Na ce bakwai, har da wannan da ke bayana. Ya dubi Mama, ya dubi ambulan ɗin, ya ce a nema mata gado ita ma. Mama ta ce a ba ta minti biyar.

Baba Direba ya tashi daga kujera ya ba ta wuri, ba ta zauna ba. Shekara arba'in Mama take tare da matar nan. Tare suka yi goyo, tare suka aurar da 'ya'ya, kuma ranar da mahaifinmu ya rasu Gwaggo ce ta riƙe Mama. Gwaggo ba ta yi boko ba, shi ya sa duk abin da Mama ta faɗa a wurinta yankan wuƙa ne.

Na yi zaton za ta kawar da kai in ta ga Mama. Da ta yi haka da ya fi mini sauƙi. Amma sai ɓarin fuskarta mai lafiya ya yi murmushi, ta motsa yatsun hannun dama tana kiran ta. Mama ta sunkuya, ni ma na matso, don maganar a daƙile take fita.

"Malama. Na yi fashi yau."

"Ba komai," in ji Mama.

"Sun tambaye ni. Ko na sha ƙwaya." Ta tsaya ta haɗiyi yawu da ƙyar. "Na ce a'a. Ko ɗaya. Kaina ya yi ta ciwo, mako guda. Shi ya ce zai sayo mini. Na hana shi." Idonta ya sauka kan ambulan ɗin da ke ƙirjin Mama, ta gane shi. "Zangon ya cika ne?"

Mama ta buɗe baki. A gida biyar ta faɗi maganar nan ba gargada, amma a nan ko harafi ɗaya bai fito ba. Ta tsaya da ambulan a hannu, hawaye yana sauka a kan sunan da ta rubuta. Gwaggo ta gaji da jiran amsa, ta juyo da idonta kaina.

"Sista," ta ce, "ke faɗa mini. Na ci?"